Abin da Allurar Kamfas Ta Sani

  

A wannan wata za mu tattauna a kan wata 'yar ƙaramar aba, wato allurar kamfas. Abubuwa biyu ne suka jawo maganar. Na farko, gardamar alƙibla da ta yawaita a ƙananan masallatanmu. Ana sallame salla sai wani saurayi ya zaro waya, ya ce sahu ya karkace. Wani kuma ya zaro tasa, ta nuna wani sashe dabam. Kafin a ankara rai ya ɓaci, dattawa suna ganin an raina aikin iyayen da suka kafa masallacin. Na biyu kuwa shi ne samarinmu masu tafiya haƙar zinari, wato galamse, waɗanda wasu mutane suke yi wa romon baka da wata na'ura, wai tana hango zinari a ƙarƙashin ƙasa. Mai karatu zai ce, to mene ne haɗin alƙibla da galamse? Haɗinsu shi ne, duka biyun a kan ilmi guda suka dogara. Wanda ya san abin da ke juya allurar nan zai huta da gardamar farko, ya kuma tsira da kuɗinsa daga ta biyu.

Ƙasa kanta maganaɗisu ce

Da farko dai mu san cewa duniyar nan da muke takawa ita kanta maganaɗisu ce ƙatuwa, wato mayen ƙarfe. Wani likita mutumin Ingila mai suna William Gilbert shi ne ya bayyana haka a rubuce a shekarar 1600. Masanan da suka biyo bayansa suka gano dalili. Idan aka nutsa cikin ƙasa kimanin kilomita 2,900, sai a tarar da narkakken ƙarfe gauraye da nikel, yana ta birkitawa saboda tsananin zafi da juyawar duniya, kamar yadda koko yake yi a tukunya in an hura masa wuta. Wannan motsi shi ke haifar da lantarki a can ciki, lantarkin kuma ya haifar da jan maganaɗisu wanda ya game duniya baki ɗaya, har ya fita sararin sama. Wannan ja shi ne allurar kamfas take bi.

Amma fa jan nan ba shi da ƙarfi sosai. Masana suna auna shi da wani ma'auni da ake kira nanotesila. A doron ƙasa yana kamawa daga wajen 25,000 zuwa 65,000, a nan Ankara kuwa, babban birnin ƙasarmu, wajen 32,000 ne. Adadin yana da girma a kunne, alhali kuwa ɗan maganaɗisun da ke cikin lasifikar rediyo, in aka matso kusa da shi, ya fi wannan ƙarfi fiye da sau ɗari. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran bayanin zai hau: duniya kiran allura take yi da murya ƙasa-ƙasa, duk ƙarfen da ke kusa kuwa da ihu yake kiranta.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, arewa iri biyu ce. Akwai arewa ta gaskiya, wato ƙuryar da duniya take juyawa a kanta, wadda ake zana taswira da ita. Akwai kuma arewa ta allura, wadda ba ta zama wuri ɗaya. Tun a 1088 wani masani ɗan ƙasar Sin, Shen Kuo, ya lura cewa allura tana ɗan kaucewa. A 1831 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, James Clark Ross, ya isa wurin da arewar allura take a lokacin, can a arewacin Kanada. Daga baya ta bar nan ta doshi Saiberiya ta ƙasar Rasha, har akwai shekarun da take cin fiye da kilomita 50 a shekara guda. Shi ya sa duk bayan shekara biyar masana a Amurka da Ingila suke fitar da sabon lissafin jan maganaɗisu na duniya, wanda jiragen sama da na ruwa da wayoyin hannu suke aiki da shi. Sun fitar da ɗaya a watan Disamba na 2024.

Ko jiragen da muke jin rugugin tashinsu daga Maamobi da wannan lissafi suke aiki. Titin saukar jirage na filin jirgin saman Ankara yana ɗauke da lamba 03 a gefe ɗaya, 21 a ɗaya gefen. Ma'anarsu ita ce wajen digiri 30 da digiri 210 daga arewar allura. A ƙasashen da allura ta yi tafiya mai nisa, sai an goge irin waɗannan lambobi an rubuta sababbi.

Maganar alƙibla

Neman alƙibla da allura ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Sarkin Yaman al-Ashraf Umar, wanda ya rasu a 1296, ya yi rubutu a kan yadda ake ɗora allura bisa ruwa a cikin kwano a fitar da alƙibla. A wajejen 1300 kuma wani masanin lokutan salla a Alƙahira, Ibn Sim'un, ya bayyana irin kamfas ɗin da ba ya bukatar ruwa. Waɗannan magabata sun san abu guda da yawancinmu muka manta: allura arewa kaɗai take nema. Mutum ne zai yi lissafi daga arewar nan ya fitar da inda Ka'aba take.

To, ga lissafin namu. Daga Ankara zuwa Makka kusan kilomita 4,650 ne, alƙiblarmu kuma tana kan digiri 64 daga arewa ta gaskiya, in aka juya ta hannun dama. Gabas sak tana kan digiri 90. Ashe ke nan in Bahaushe ya ce a fuskanci gabas, a nan Gana gabas ce mai karkata arewa da wajen digiri 26. A Kano alƙibla wajen digiri 68 ce, saboda haka wanda ya zo da lambar Kano a ka, ko da kamfas mai lambobin wata ƙasa da ya sayo a hanyar hajji, dole ya sake lissafi.

Bugu da ƙari, a Ankara allura tana kauce wa arewa ta gaskiya da wajen digiri 3 zuwa yamma, kuma wannan kaucewa raguwa take yi shekara bayan shekara. Lokacin da Gana ta sami mulkin kai a 1957, ta ninka ta yau fiye da sau biyu. Saboda haka in dattijo ya aza harsashin masallaci da kamfas a wancan zamani, jikansa kuma ya zo yau ya ga bambancin 'yan digiri, kada jikan ya yi saurin cewa kakansa bai iya ba. Allurar ce ta yi tafiya.

Amma babban abin da ke rikita mu a zango shi ne ƙarfe. Duba ɗan masallacin unguwa: rufin kwano a sama, rodi a cikin ginshiƙai da daɓe, ƙofa da tagogin ƙarfe, fanka, lasifika daidai wurin tsayawar liman, shagon kwantena jingine da bango, ga taransifoma a bakin lungu. Kowane ɗaya daga cikinsu yana jan allura wajensa. Wayar hannu ma wani ɗan ma'aunin maganaɗisu ne a cikinta, ƙanƙane ƙwarai, saboda haka abin da ke ruɗa kamfas yana ruɗa ta. Wani lokaci ma rigar wayar ce take da maganaɗisu a maɓallinta. Shi ya sa waya biyu za su saɓa da juna a sahu ɗaya, kai, waya ɗaya ma za ta faɗi magana biyu in aka ɗaga ta daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wanda yake son awo mai kyau, sai ya fita fili nesa da motoci da kwantena da turakun lantarki, ya cire rigar wayar, ya auna a wuri uku ko huɗu ya ga ko sun dace. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda babu ruwanta da ƙarfe. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: ran 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 9:18 na safe, da ran 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 9:27 na safe, agogon Gana. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci sashen da rana take, Ka'aba ya fuskanta. Sai a rataya zare da ɗan dutse a ƙarshensa, a ja layi a kan inuwar zaren. Layin nan, ta wajen da rana take, shi ne alƙibla. Da yake lokacin damina ne, in hadari ya rufe rana, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ma ya yi.

Daɗin daɗawa, malamanmu sun karantar da mu cewa wanda yake nesa da Makka, fuskantar sashen da Ka'aba take ya wadatar masa. Kuskuren digiri ɗaya tak daga Ankara yana kautar da mutum wajen kilomita 74 kafin layinsa ya isa ƙasar Makka, wa kuwa zai ce bai taɓa kauce wa digiri ɗaya ba a tsayuwarsa? Saboda haka in an ga karkata mai yawa, a kai wa liman da dattawa magana cikin ladabi, a jira ranar inuwa a gwada a gaban kowa, gani ya kori ji. In kuwa 'yan digiri ne, bai kamata a raba kan jama'a a kansu ba.

Yadda ake safiyon ƙasa da maganaɗisu

Yanzu sai mu juya ga abu na biyu. Wannan hali na allura, na karkata wajen ƙarfen da ke kusa, wanda yake aibi ne ga mai neman alƙibla, shi ne jarin masu binciken ma'adinai. A cikin duwatsu akwai wani baƙin ma'adini na ƙarfe wanda maganaɗisu yake kamawa. Wani dutse yana da shi da yawa, wani kaɗan, wani babu. Inda yake da yawa sai jan maganaɗisun wurin ya bambanta da na kewaye. Tun wajejen 1640 mutanen Suwidin suke neman tama da kamfas ta wannan hanya. A Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera ma'auni mai kaifin ji don gano jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku daga sama. Da yaƙi ya ƙare sai masana duwatsu suka karɓe shi suka sa a aikinsu.

Ga yadda aikin yake. Ana ɗaura ma'aunin a wutsiyar ƙaramin jirgin sama, ko a rataya shi da igiya, don ya nisanci ƙarfen jirgin. Jirgin ya riƙa tafiya ƙasa-ƙasa yana kai da komowa a kan layuka miƙaƙƙu, kamar manomi yana bin kunya, tsakanin layi da layi mita 200 ko 400. Ma'aunin yana ɗaukar awo sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. A ƙasa kuma an ajiye wani ma'auni a wuri ɗaya, yana rubuta canjin da ke faruwa daga safe zuwa yamma, domin hasken rana yana tayar da lantarki can sama wanda yake ƙara wa jan ko ya rage shi. Wannan canji yana da ƙarfi a yankinmu, saboda layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa ta kusa da iyakarmu da Burkina Faso. Bayan an debe wannan duka, abin da ya saura shi ne maganar duwatsun da ke ƙarƙashi. Sai a zana shi a taswira mai launi-launi.

Ƙasarmu ta daɗe da irin wannan bincike. A 1913 Albert Kitson ya kafa ma'aikatar binciken duwatsu, tun ƙasar tana hannun Turawa, kuma ita ce ta gano manganis a Nsuta a 1914 da lu'ulu'u a kwarin kogin Birim a 1919. A zamanin Kitson da ƙafa da guduma ake aikin. A shekarun 1990 aka yi safiyon sassa da dama na ƙasar daga sama. Misali mai kyau shi ne tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi. A 1997 masana daga ƙasar Finlan, tare da ma'aikatar tamu, suka bi ta kansa da jirgi a tsayin wajen mita 70. Awon ya nuna akwai wani abu a ƙarƙashin tafkin wanda jansa ya saɓa da na kewaye, abin da ya ƙara wa masana haske a kan ramin, wanda wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Duk da haka ba su tsaya ga taswira ba. A 2004 sai da aka kawo injin haƙa, aka huda ƙasan tafkin, aka ciro duwatsun aka duba da ido.

Zinari ba ya amsa kiran maganaɗisu

A nan ne ya kamata samarinmu su buɗe kunne. Maganaɗisu ba ya kama zinari ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa wankin yashi a bakin rafi shaida ne: maganaɗisun lasifika da ake sawa a kasko baƙin yashi yake kwashewa, zinarin kuwa yana nan kwance. To, in maganaɗisun da ya taɓa shi bai ɗaga shi ba, ta yaya ma'aunin maganaɗisu zai hango shi a zurfin gaba ashirin?

Abin da taswirar maganaɗisu take nuna wa kamfanoni shi ne tsarin duwatsu: inda wani iri ya ƙare wani ya fara, da inda ƙasa ta tsage tun zamanin da. A ƙasarmu zinari yakan taru a irin waɗannan tsagogi, kamar na Obuasi, inda ake haƙa da injuna tun 1897. Wato taswira tana cewa ne, nemi nan, kada ka wahala can. Bayan haka sai a ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji, a haƙa ramuka, a huda dutse da inji, aikin da kan ci shekaru da kuɗi masu yawa, sau da dama kuma a tashi a tutar babu. Ko inda aka dace, giram kaɗan ake samu cikin tan guda na dutse.

Gaskiya ne akwai wata na'ura dabam mai faifai a ƙasa, wadda ake shara da ita kamar tsintsiya tana ƙara. Da irinta aka yi rububin zinari a Jado, can arewacin Nijar, a 2014. Ita tana jin ƙarfe kowane iri ne, ƙusa ko gwangwani ko gudan zinari, amma sai wanda yake kusa da saman ƙasa. Ba ta ganin garin zinarin da ke warwatse cikin dutse, ba ta kuma ganin abin da ke can ƙasa da nisa. Saboda haka duk wanda ya zo da wata sanda mai juyawa ko akwati mai fitilu, ya ce ya ga jijiyar zinari a zurfi kaza, a kawo kuɗi a haƙa, a tambaye shi: ina sakamakon gwajin ƙasar? Ina takardar izini? Tun 1989 doka ta ba 'yan ƙasa damar ƙaramar haƙa da lasisi, kuma Hukumar Ma'adinai ce ake bi a nema. Ramin da aka haƙa bisa maganar ɗan damfara ba kuɗi kaɗai yake ci ba. A watan Nuwamba na 2009 rami ya rufta a Dompoase, a Jihar Yamma, mutum 18 suka rasu, mafi yawansu mata. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga iyayenmu mata masu sayen sarƙa da 'yan kunne, da 'yan kasuwa masu sayen garin zinari, akwai abin lura. In maganaɗisu ya kama abin da aka ce zinari ne, to lalle akwai ƙarfe a ciki, a mayar wa mai shi. Amma in bai kama ba, wannan bai zama shaida ba, domin tagulla da jan ƙarfe da dalma duk ba ya kama su, su ne kuwa 'yan damfara suke rinawa. Sai a kai wa maƙerin zinari amintacce ya gwada.

Daga ƙarshe, ina kira ga ɗalibanmu na sakandare. Wannan ilmi ana koyar da shi a Jami'ar Gana da ke Legon, da Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, da Jami'ar Ma'adinai da ke Tarkwa. Ƙofarsa ita ce lissafi da kimiyya. 'Ya'yan zango sun daɗe suna shiga rami da shebur, lokaci ya yi da za a sami waɗanda za su riƙe taswirar su karanta mana. Iyaye su taimaka, rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda yake da tambaya ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take, ya aiko ta hannun edita. Allah Ya daidaita sahunmu, Ya ba mu arzikin halal, Ya tsare matasanmu a duk inda suke nema. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.